"Kwana Biyu" Namu da "Kwana Biyu" na Likita: Jawabi kan Ciwon Huhu da Maganin Bairas

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron wayar da kai a Zangon Kwatano ranar 12 ga Nuwamba, ranar da duniya ta keɓe don ciwon nimoniya. Mun buga shi ne domin waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.



Tun farko mu faɗa muku, mu ba likitoci ba ne. Aikinmu tafinta. Mu ne kuke gani tsaye tsakanin mara lafiya da likita, muna mayar da Hausa Faransanci, muna mayar da Faransanci Hausa. Abin da za ku ji yau mun tattaro shi ne daga bakin likitoci, da takardun Hukumar Lafiya ta Duniya, da abin da idonmu ya gani a ɗakunan jinya. Za mu fara da kuskuren da mu kanmu muka yi, don kada wani ya sake yin irinsa.

Wata shekara, cikin hunturu, aka kira mu da dare muka raka wani dattijo wani asibiti a garin nan. Mai gadin shago ne, yana da ciwon suga, numfashi yana yi masa wuya har ba ya iya gama magana. Likita ya tambaya, tun yaushe? Baba ya ce, "Kwana biyu ke nan." Muka juya muka ce wa likita kwana biyu, ya rubuta. Da aka ɗauki hoton ƙirji likita ya dawo ya ce mana wannan huhun bai yi kama da na ciwon kwana biyu ba. Sai muka koma wajen 'yarsa muka ce, "Yaya, ki tuna mana da kyau, wace rana Baba ya fara zazzaɓi?" Ta ƙirga da yatsu, ta ce tun ranar Juma'ar da aka yi suna a gidansu. Kwana tara ke nan.

Baba bai yi ƙarya ba. Hausa ya yi. Idan muka haɗu da mutum muka ce "kwana biyu", ai wata uku ma kwana biyu ne. Amma a kunnen likita kwana biyu awa 48 ne cif, kuma da wannan lissafin yake yanke shawarar maganin da zai bayar da irin haɗarin da mutum yake ciki. An sa wa Baba iskar oksijin, an yi iya ƙoƙari, ya rasu a rana ta huɗu. Allah ya jiƙansa. Ba za mu ce da ya zo da wuri lalle da ya tashi ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da muka sani shi ne kwana tara ya yi a gida yana shan ƙwayoyin da aka sayo masa a bakin titi. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mana kwana biyu sai mun tambaye shi: wace rana, da safe ko da dare?

Mene ne wannan ciwon?

Nimoniya ita ce wadda iyayenmu ke kira sanyin haƙarƙari. Cikin huhu akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu yawan gaske, nan iska ke shiga ta wuce cikin jini. Idan ƙwayar cuta ta sauka can, jakunkunan sai su kumbura su cika da ruwa ko mugunya. Mutum yana jan numfashi amma iskar ba ta isa jini. Shi ya sa yake haki, shi ya sa leɓensa ke canza launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kaɗai ciwon nan ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000.

Ƙwayoyin da ke kawo shi iri-iri ne, amma manyan biyu su ne bakteriya da bairas. Maganin da ake kira antibiyotik, irin su amoksisilin, bakteriya yake kashewa. Ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Bairas shiga yake cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ya mai da su wurin hayayyafa, don haka maganinsa daban ne, kuma kowane bairas da nasa. Daga cikin masu kawo nimoniya akwai bairas na mura mai tsanani, wadda likitocin nan ke ce wa grippe, akwai na korona, akwai na ƙyanda, akwai wanda ake kira RSV mai kama jarirai da tsofaffi.

Wani lokaci bairas ne ke buɗe ƙofa, bakteriya ta biyo baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa za ku ga likita ya haɗa wa mutum magani iri biyu. Da ido ba a bambancewa, sai an saurari ƙirji, an ɗauki hoto, wani lokaci an ɗebi majina daga hanci an kai gwaji.

Me maganin bairas yake yi?

Ku ɗauki misalin gobara a kasuwa. Maganin bairas kamar hana wuta tsallakawa rumfa ta gaba ne. Rumfar da ta riga ta ƙone ba ya gina ta. A kwanakin farko na ciwo ne bairas ke hayayyafa da sauri, a nan maganin ya fi amfani. Bayan mako guda, yawancin ɓarnar da ke cikin huhu kumburi ne da jiki ya tayar wajen faɗa da cutar.

Maganin mura mai tsanani da aka fi sani shi ne oseltamivir, wanda ake sayarwa da sunan Tamiflu. Ana shan shi sau biyu a rana har kwana biyar, kuma ya fi aiki idan an fara cikin awa 48 da soma ciwo. Bayan annobar mura ta 2009, masana sun tattara takardun marasa lafiya fiye da 29,000 da aka kwantar a asibitoci a ƙasashe 38, suka fitar da sakamakon a 2014. Sun ga cewa waɗanda aka ba irin wannan magani, haɗarin mutuwarsu ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar idan an gwada da waɗanda ba a ba su ba. Waɗanda kuwa aka fara ba su cikin kwana biyu na farko, haɗarin ya ragu da wajen rabi. Mata masu ciki suna cikin waɗanda aka ga amfanin a kansu sosai.

Mu faɗi gaskiya duka. Wannan bincike duba takardun asibiti ne bayan abu ya wuce, kuma har yau masana suna muhawara kan girman amfanin maganin ga wanda ciwo ya riga ya kwantar. Duk da haka, a jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ta ba da shawarar a ba mai mura mai tsanani oseltamivir, a kuma fara da wuri gwargwadon iko.

Abu biyu za ku riƙe a nan. Na ɗaya, zuwa da wuri ya fi. Na biyu, ko kwana biyu sun wuce, kada wani ya ce an makara a zauna gida. Wanda aka kwantar ana ba shi maganin ko bayan awa 48, kuma akwai oksijin, da ƙarin ruwa, da maganin bakteriyar da ta biyo baya.

Abin da korona ta koya mana

Yawancinmu muna nan lokacin da aka sanar da mutum na farko mai korona a ƙasar Benin, ranar 16 ga Maris 2020. Ƙarshen watan aka killace Kwatano da garuruwan kewaye, aka rufe masallatai da coci-coci, ana kai masu tsananin ciwo cibiyar Allada. Kun tuna yadda kowa ya shiga neman kulorokwin. Ƙasashe da yawa, har da nan, sun sa shi cikin magungunan korona a farkon annobar, lokacin da ba a san komai a kan cutar ba. Amma a watan Yuni 2020 wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya, mai suna RECOVERY, ya nuna cewa ɗan uwansa hydroxychloroquine bai rage mutuwa ba ga waɗanda aka kwantar.

Sai maganin bairas mai suna remdesivir, wanda ake sawa ta jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada shi a ƙasashe da dama, ta fitar da sakamakon ƙarshe a 2022. Ga waɗanda ke kan oksijin kawai, cikin kowane mutum 100 kusan 15 suka rasu a cikin waɗanda aka ba maganin, sama da 16 kaɗan a cikin waɗanda ba a ba su ba. Amfani ne, amma ƙarami. Ga waɗanda ciwo ya kai har na'ura ke yi musu numfashi, bai taimaka ba. Akwai kuma ƙwayar Paxlovid, wadda ake ba mai rauni tun bai kwanta ba, cikin kwana biyar na farko. A gwajin da aka yi wa masu rauni da ba su yi allurar rigakafi ba, ta rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kusan kashi tara cikin goma. Ku dubi bambancin: a farkon ciwo amfani mai yawa, a tsakiya kaɗan, a ƙarshe babu.

Wanda ya fi ceton rai a cikin masu tsananin korona ma ba maganin bairas ba ne. Dexamethasone ne, mai kwantar da kumburi. Gwajin nan na Birtaniya ya nuna ya rage mutuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da wajen kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Iyayenmu mata, mun san wasu sun san wannan ƙwayar, don tana cikin waɗanda ake sha don ƙiba. Muna roƙonku kada jin wannan ya sa wani ya saya ya ba mai tari. Ga wanda bai kai buƙatar oksijin ba ba ta nuna amfani ba, tana raunana garkuwar jiki, tana tayar da suga. A mura mai tsanani ma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a riƙa ba da irinta haka kawai. Ƙwaya ɗaya, ta ceci wannan ta cuci wancan. Likita ne ya san wane ne wane.

Ƙyanda da RSV kuwa babu maganin bairas da ake ba kowa a kansu. Abin da ke tsayar da yaro shi ne oksijin, da ruwa, da abinci, da kulawar ma'aikatan jinya, a ƙyanda kuma ana ƙara bitamin A. Saboda haka idan an kwantar da ɗanku ba a rubuta wani magani mai tsada ba, kada ku ce ba a yi masa komai ba. Robar nan da ke hancinsa magani ce. Kada a cire ta don yaro yana kuka, kada a rage ta, kada a fita da shi da dare don an ce a gwada na gida.

Maganin bakin titi

Kun san abin da ya faru a Adjégounlè cikin kasuwar Dantokpa a watan Fabrairu 2017, lokacin da hukuma ta kwashe magunguna tan-tan ta rufe wurin. Har yau akwai masu yawo da ƙwayoyi a leda ko a tire. Illarsu uku ce. Ƙila jabu ne ko rana ta lalata su. Ƙila na gaske ne amma ba na ciwon ba. Mafi muni, suna saukar da zazzaɓi na 'yan awoyi, gida ya ce an samu sauƙi, kwanakin da maganin bairas zai yi aiki suna wucewa. A nan kowane zazzaɓi sai mu ce na cizon sauro ne. Gwajinsa ɗigon jini ne da 'yan mintoci. Idan gwaji ya ce ba shi ba ne, ga tari ga haki, to a duba ƙirji. Yaro mai mura kuma kada a ba shi asfirin.

Yaushe za a tafi asibiti?

Ga yaro, ku ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ku duba agogon waya, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ba ya farkawa da kyau, a ɗauke shi nan take, ko tsakar dare ne.

Ga babba: haki yana zaune, kasa gama magana da numfashi ɗaya, ciwon ƙirji, leɓe ko farce ya yi duhu, ruɗewa, tari da jini, ko zazzaɓin da ya sauka ya dawo da ƙarfi. Tsoho wani lokaci ba ya zazzaɓi ma, sai dai ku ga ya daina ci yana sambatu.

Akwai waɗanda ba a jira wa waɗannan alamu: mace mai ciki ko mai jego, ɗan shekara 65 zuwa sama, yaro ƙarami, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai asma, mai sikila, mai cutar da ke karya garkuwar jiki. Su tun ranar farko ko ta biyu ta zazzaɓi da tari a kai su a duba. Ku fara da cibiyar lafiya mafi kusa, su za su tura ku gaba in da buƙata. A garin nan akwai babban asibitin CNHU Hubert Koutoukou Maga, akwai asibitin uwa da yaro na bakin Lagune, akwai asibitin ciwon huhu da tarin fuka a Akpakpa. A asibiti za a maƙala wa mara lafiya wata 'yar na'ura a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Idan ta nuna ƙasa da 90, ana buƙatar oksijin.

Abin da za ku gaya wa likita

Na ɗaya, ranar da ciwo ya fara. Ku ce Talata da dare, ko washegarin Juma'a. Na biyu, duk abin da aka sha, na kanti da na bakin titi da na gargajiya. Ku zo da kwalin ko ledar, ba wanda zai kama ku. Wasu magungunan bairas ba sa haɗuwa da na tarin fuka ko na farfaɗiya ko wasu na zuciya. Na uku, tsohon ciwon da mutum yake da shi, da ciki ko na wata ɗaya ne. Mun san kunya, amma za ki iya cewa a fitar da maza, ko ki nemi mace ta yi miki tafinta. Abin da muka ji a ɗakin likita a can muke barin sa. Na huɗu, ko wani a gida yana irin ciwon, ko an yi tafiya kwanan nan.

Na biyar na masu kaji ne, da masu yanka da fige. An samu murar tsuntsaye a Kwatano da Adjarra a watan Disamba 2007, a farkon shekarar kuma ta kashe wata mata a Legas. Idan kaji suna mutuwa a hannunku sannan zazzaɓi ya kama ku, ku faɗa da bakinku tun ba a tambaya ba. Kada a yanka kazar da ke mutuwa a ci.

Kuna da haƙƙin yin tambaya. Ku ce: wane iri ne, bairas ko bakteriya? Akwai maganin bairas da ya dace da shi? Ba kowane asibiti ke da shi a kowane lokaci ba, amma tambayar ba laifi ba ce, kuma ba rashin kunya ba ce.

Abin da ke tsayar da mu a gida

Mun san ba rashin so ba ne. Kuɗi ne, tsoron takardu ne, rashin Faransanci ne, jiran maigida ya dawo daga tashar jirgin ruwa ko daga Malanville ne. Game da kuɗi, lissafin da muka gani sau da yawa shi ne, wanda ya zo da wuri yakan koma gida da takardar magani, wanda ya jira mako yakan biya gado da oksijin na kwanaki. Game da takardu, likita ba jami'in shige da fice ba ne. Wanda yake da katinsa ya ɗauka, wanda ba shi da shi ya tafi a haka, ya aiko a sanar da mu. Game da harshe, aikinmu ke nan, ku aiko yaro ko ku kira. Iyayenmu maza kuma, muna roƙon alfarma: tun yau kowa ya gaya wa iyalinsa cewa in numfashin yaro ya canza, ta hau zem ta tafi, izini ya riga ya samu. A ajiye ko jaka biyu ce a wuri sananne saboda wannan.

Wata ƙanwarmu mai cikin wata bakwai haka ta yi bara. Zazzaɓi da tari suka kama ta ranar Lahadi, Litinin da yamma uwar mijinta ta ce ba za a kwana ba. An kwantar da ita kwana shida, ta fito, ta haihu lafiya. Da likita ya tambaya tun yaushe, tsohuwar ce ta amsa: "Jiya bayan azahar."

Hunturu yana tafe da ƙurarsa. A kai yara rigakafi a cika musu kati, don a ciki akwai allurar da ke kare su daga wasu ƙwayoyin nimoniya da ta ƙyanda. A shayar da jariri nono zalla wata shida. A fitar da murhun gawayi daga ɗakin kwana. Mai tari ya rufe baki, a wanke hannu da sabulu, kada a kai jariri wurinsa gaisuwa. Kuma daga yau, duk gidan da wani ya fara zazzaɓi da tari, a rubuta ranar a bango ko a waya.

Yanzu za mu karɓi tambayoyi, ma'aikaciyar jinya tana nan za ta amsa, mu kuma mu fassara. Iyaye mata masu goyo su tsaya bayan taro, za a nuna musu ƙirga numfashi a aikace. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.